Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Sakataren Lafiya Na Birtaniya: Kada A Rushe Healthwatch Ba A Ji Ta Bakin Tsofaffinmu Ba

Zuwa ga Mai Girma
Sakataren Harkokin Lafiya da Kula da Jama'a,
Landan.

Ranka ya daɗe,

Ina miƙa gaisuwar girmamawa, da fatan kana lafiya kai da iyalinka da ma'aikatan ofishinka. Allah ya taya ka riƙo, domin mun san kujerar lafiya a ƙasar nan ba ta barin mai ita ya runtsa.

Ni 'yar asalin Zariya ce, mazauniyar arewacin Ingila. Mahaifina yana wani gidan kula da tsofaffi, shekara uku ke nan. Ina magana da bakina da bakin wasu iyalai masu jin Hausa, 'yan Najeriya da 'yan Nijar da 'yan Ghana, waɗanda suke da uba ko uwa ko miji a irin waɗannan gidaje, da kuma 'yan'uwanmu da suka shigo ƙasar nan da bizar aikin jinya suke ɗawainiya da iyayen wasu. Ba mu da ofis, ba mu da rajista. A WhatsApp muke haɗuwa, sai kuma wurin suna da zaman ta'aziyya. Na karanta musu wannan takarda kafin in fitar da ita, sun ce in faɗa da yawunsu.

Da gangan na rubuta da Hausa. Baba ya zo ƙasar nan karatu a shekarun 1970, ya yi aiki da Turanci fiye da shekara talatin, ya biya haraji har ya yi ritaya. Ciwon mantuwa ya zo ya kwashe Turancin kaf, ya bar masa harshen da ya sha a nono. Yau in ƙishirwa ta kama shi, "ruwa" yake cewa, ya yi ta kallon fuskar wanda ke tsaye a kansa ko zai gane. Idan ofishinka ya nemi tafinta don a karanta wannan wasiƙa, to ya ɗanɗana kaɗan daga abin da Baba yake kwana da shi yake tashi da shi.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne shawarar gwamnatinku ta rushe Healthwatch, hukumar da aka kafa don ta zama muryar marasa lafiya da mazauna gidajen tsofaffi a Ingila. A shirin lafiya na shekara goma da kuka fitar ranar 3 ga Yuli, 2025, da rahoton Dakta Penny Dash kan hukumomin sa ido a harkar lafiya, wanda ya biyo bayansa da kwana huɗu, an bayyana cewa za a rufe uwar hukumar ta ƙasa a mayar da aikinta cikin ma'aikatarka, a kuma rufe rassanta sama da 150 da ke ƙananan hukumomin Ingila. Abin da ya shafi asibiti za a miƙa wa hukumomin lafiya na yanki, abin da ya shafi gidajen tsofaffi da jinyar gida kuma a miƙa wa ƙananan hukumomi. Tunda doka ce ta kafa Healthwatch, sai majalisa ta yi wata dokar kafin a iya rushe ta. Ke nan bakin alƙalami bai bushe ba, shi ya sa nake magana yanzu.

Kukanmu na farko, wanda shi ne uwar sauran: wa zai saurari ƙorafi? Ƙaramar hukuma ita ke auna buƙatar tsoho, ita ke yanke ko ya cancanci a biya masa, ita ke ciniki da masu gidajen a kan kuɗin gado na mako, ita ce kuma kullum take kukan aljihunta ya bushe. Idan 'yar wani dattijo ta zo ta ce ma'aikatan dare sun yi kaɗan a gidan da ubanta yake, sau da yawa amsar gaskiya ita ce kuɗin da ƙaramar hukuma take biya bai kai a ƙara ma'aikaci ba. Yanzu ita wannan hukumar za a ce ta karɓi kukan, ta rubuta rahoto a kan kanta, ta baza shi duniya ta karanta? Ko a ƙauye ba a barin wanda ake ƙara ya hau buzun alƙali. Ba zargin ma'aikatan nake yi ba. Na yi hulɗa da wasunsu, mutanen kirki ne da aiki ya yi wa yawa. Amma wanda ke karɓar albashi daga hannun shugaban hukuma ba zai iya fitowa fili ya ce shugaban ya gaza ba, kuma bai dace a ɗora masa wannan nauyin ba.

Na san ko a yanzu kuɗin rassan Healthwatch ta hannun ƙananan hukumomi yake bi, kuma wannan rauni ne. Sai dai dokar 2012 da ta kafa Healthwatch ta sa shinge: ƙaramar hukuma ba ta gudanar da reshen da kanta, dole ta ba wata ƙungiya mai zaman kanta, mai nata shugabanni da nata 'yan sa-kai, mai kujera a kwamitin lafiya da walwala na yankin. Wannan shingen, duk da gajartarsa, shi kuke shirin cirewa. Akwai kuma tsofaffin da ƙaramar hukuma ba ta ma san da zamansu ba, domin a Ingila duk wanda dukiyarsa ta haura fam 23,250 shi ke biya wa kansa. Irinsu Baba ke nan, wanda aka sayar da gidansa don biyan kuɗin gadonsa. Su a wace ƙofa za su ƙwanƙwasa?

Na biyu shi ne ikon shiga a gani da ido. Wannan ne abin da mutane da yawa ba su san Healthwatch tana da shi ba, kuma shi ne ya taɓa rayuwarmu kai tsaye. Doka ta ba wakilanta da aka tantance damar shiga gidan tsofaffi ko asibitin da ake biya da kuɗin jama'a, da sanarwa ko ba sanarwa, su zauna a falo da ɗakin cin abinci, su ga yadda ake hidima, su yi hira da mazauna da danginsu da ma'aikata. Daga nan su rubuta rahoto a wallafa, masu gidan kuma su ba da amsa a rubuce cikin kwanakin aiki ashirin. Ba su da ikon rufe gida ko cin tara. Ido da kunne da alƙalami kawai suke da su, amma gani ya kori ji.

Bari in faɗa maka abin da wannan iko ya yi wa Baba. A watanninsa na farko a gidan, kullum ma'aikatan dare sai sun rubuta a littafinsu cewa ya tashi da duku-duku cikin ruɗewa, ya shiga banɗaki ya jiƙa ƙasa da ruwa, ya jiƙa hannun rigarsa da ƙafar wandonsa, in an ja shi zuwa gado ya yi tirjiya. Sau biyu yana zamewa. Aka fara maganar a nemi likita ya rubuta masa maganin barci. Da na ji lokacin da yake tashi, na ji kuma gaɓɓan da yake jiƙawa, sai hawaye suka zubo min. Alwala yake yi. Mutumin da ya manta sunan jikokinsa bai manta asuba ba. Na yi wa shugabar gidan bayani sau biyu, ta saurare ni da fara'a, ta ce za a duba. Maganar ba ta kai ga masu aikin dare ba, domin yawancinsu na haya ne daga kamfani, yau wannan gobe wancan. Ga kuma nama da ya daina ci saboda bai yarda da yankan ba, ba wanda ya tambaye shi dalili, sai dai ma'auni ya nuna yana ramewa.

Ban kai ƙara a rubuce ba, kuma zan faɗi dalili. Wata baiwar Allah da mahaifiyarta ke hawa ɗaya da Baba ta matsa da ƙorafi, aka kira ta ofis aka ce mata cikin ladabi wataƙila gidan nan bai dace da buƙatun mahaifiyarta ba. Duk wanda ke da tsoho a irin wannan gida ya san fassarar wannan magana: takardar sallama, wata ɗaya ka nemi wani wuri. Tsoho mai ciwon mantuwa kuwa, ɗauke shi daga ɗakin da ya saba kamar tuge tsohuwar bishiya ne. Sai na yi shiru, na riƙa zuwa da abinci daga gida.

Wata Talata na tarar da mutum biyu a falo da katin shaida a wuya, wata dattijuwa da wani matashi, 'yan sa-kai daga reshen Healthwatch na yankinmu. Tun safe suke nan har aka gama cin abincin rana. Dattijuwar ta ja kujera kusa da Baba, ta yi masa magana bai gane ba, ya yi mata ita ma ba ta gane ba, amma ba ta tashi ba. Ta juyo ta tambaye ni me yake cewa. A wata bakwai ita ce mutum ta farko daga waje da ta yi min wannan tambaya. Ta ba ni lambar waya, ta ce sunana ba zai fito ba. Da daddare na kira na amayar da duk abin da ke cikina.

Rahoton da ya fito bai ambaci Baba ba. Ya yaba wa gidan a kan tsabta da kirkin ma'aikata, kuma sun cancanci yabon. Ya ba da shawarar a rubuta ibada da abincin kowane mazauni a takardar tsarin kula da shi yadda ma'aikacin haya ma zai gani, a kuma farfaɗo da taron iyalai da aka daina yi. Gidan ya amsa a rubuce, ya karɓa. Yau akwai butar roba a banɗakin Baba, da kujera, da shimfiɗar da ba ta santsi. Mai aikin dare tana zuba masa ruwa, ta zaunar da shi ya fuskanci alƙibla. Ba a rubuta maganin barcin ba. Duk abin da aka kashe bai kai kuɗin cefanen rana ɗaya ba, amma sai da wani wanda ba ya cin albashin gidan, ba ya kuma tsoron takardar sallama, ya shigo ya zauna ya gani. A cikin duk abin da na karanta na shirinku, ban ga inda aka tabbatar mana da wanda zai gaji wannan iko ba, kuma yana zaman kansa.

Tsoron da na ji ba nawa ba ne ni kaɗai. Hukumar kula da gasa da kasuwanni ta ƙasar nan, a binciken da ta yi kan gidajen tsofaffi a 2017, ta gano cewa mazauna da danginsu suna jin tsoron kai ƙara don gudun ramuwa. Mu kuma namu ya ninka, domin akwai kunya a kai. A wurinmu, a ce wance ta kai ubanta gidan gajiyayyu magana ce mai nauyi, har Zariya sai ta isa. Wanda bai taɓa ɗaga babban mutum daga ƙasa da ƙarfe uku na dare ba, bai taɓa fita neman uban da ya buɗe ƙofa ya bi titi cikin sanyin hunturu ba, shi ke da bakin cewa ba a kyauta ba. Saboda wannan gori, da yawa daga cikinmu ba sa faɗa wa ko maƙwabci inda tsohonsu yake, balle su je gaban hukuma su tsaya su yi bayani da sunansu. Irin waɗannan iyalai sai an je an same su.

Na uku, ranka ya daɗe, tarihi ne, kuma ka fi ni saninsa. A 1974 aka kafa majalisun lafiya na al'umma. A 2003 aka rushe su a Ingila, aka kawo dandalin marasa lafiya da jama'a. A 2008 aka rushe wannan aka kawo ƙungiyoyin jin ra'ayin jama'a na yanki da ake kira LINks. A 2013 aka rushe LINks aka kawo rassan Healthwatch. Wannan zai zama karo na huɗu cikin shekara ashirin da 'yan kai. Kowane karo sai 'yan sa-kai sun watse, amanar da aka gina da unguwanni ta rushe, jama'a su ɗauki shekaru kafin su koyi sabon suna. Bambancin wannan karon shi ne a baya in an rushe akan kafa wata mai zaman kanta a gurbinta. Yanzu cikin gwamnati za a haɗiye aikin.

A tsakiyar waɗancan sauye-sauye ne abin da ya faru a asibitin Stafford ya faru, inda aka bar marasa lafiya cikin ƙazanta da ƙishirwa. Ba hukuma ce ta fara ɗaga murya ba. Julie Bailey ce, wadda mahaifiyarta ta rasu a can a 2007, ita da sauran dangin mamata. Rahoton Sir Robert Francis na Fabrairun 2013, mai shawarwari 290, ya nuna yadda ƙungiyoyin da aka kafa a gurbin tsofaffin majalisun suka kasa zama muryar marasa lafiya a garin, ya kuma ja kunne cewa a tabbatar kuɗin da gwamnati ta ware wa rassan Healthwatch ya isa hannunsu. Shi Francis ɗin daga baya ya shugabanci Healthwatch ta ƙasa daga 2018 zuwa 2022. A asibitin Winterbourne View kusa da Bristol, wani ma'aikacin jinya ya kai kuka ga CQC, hukumar da ke duba asibitoci da gidajen tsofaffi, ba a kula shi ba, sai da BBC ta shiga da ɓoyayyiyar kyamara a 2011 aka ga yadda ake azabtar da masu lalurar da ba sa iya kare kansu. A 2019 aka sake ganin irinsa a Whorlton Hall, wurin da CQC ta ba shaidar yana da kyau. Ban ce Healthwatch ce ta tono waɗannan ba. Abin da nake cewa shi ne duk inda aka rufe ƙofa, idon waje ya ragu, a nan ɓarna take yin saiwa.

Mun kuma ga lokacin korona. Tsakanin tsakiyar Maris da tsakiyar Afrilun 2020 an kwashe kimanin mutum 25,000 daga asibitoci zuwa gidajen tsofaffi, a lokacin da ba a wajabta yi musu gwaji ba. Mata biyu da iyayensu maza suka rasu su ne suka kai gwamnati kotu, Babbar Kotu kuma ta yanke a Afrilun 2022 cewa tsarin ya saɓa doka. A cikinmu akwai wadda ta yi watanni tana ganin mahaifiyarta ta bayan gilashin taga, tsohuwar tana miƙo hannu tana tambayar laifin da ta yi aka guje ta. Ƙa'idar da ta kare haƙƙin ziyara, wadda ta fara aiki a Afrilun 2024, matsin lambar iyalai ne ya haife ta.

An ce mana manhajar waya ta NHS, hukumar lafiya ta ƙasa, za ta zama hanyar da kowa zai faɗi ra'ayinsa kan hidimar da aka yi masa. Ga matashi mai waya a hannu da ya je asibiti ya dawo, madalla. Amma ka shiga falon gidan da Baba yake ka ƙirga mutum nawa ne za su iya riƙe cokali, balle su buɗe manhaja. Wadda ke gefensa ba ta gani. Na gaba da ita bugun jini ya ɗauke masa magana. Akwai waɗanda shekara ta zagayo ba wanda ya zo duba su, ba ɗa ba jika da zai danna musu tauraro. Waɗanda suka fi buƙatar a ji su, su ne manhaja ba za ta taɓa ji ba, kuma in aka tara alƙaluma daga masu iya dannawa kaɗai, rahoto zai nuna komai lafiya.

Ga kuma 'yan'uwanmu ma'aikata. Tun da aka buɗe bizar masu jinyar tsofaffi a Fabrairun 2022, dubban 'yan Najeriya suka shigo, har kuka rufe ƙofar ɗauko sababbi daga waje a Yulin 2025. Waɗanda ke ciki zamansu a ƙasar nan yana ɗaure da kamfanin da ya ɗauki nauyinsu. In aka kore su, akan ba su kwana 60 su sami wani ko su tattara su tafi. Su ne suka san daren da mutum biyu suka kwana da tsofaffi talatin, su ne suka san ranar da aka ce a yi tattalin ƙunzugun manya. Wata ƙanwarmu ta ce min, "Yaya, ina gani, amma in na yi magana ina zan kai yarana?" Irinta takan iya raɗa wa baƙon da ya zo daga waje, wanda zai rubuta abin ba tare da sunanta ba. Ba za ta taka zuwa ƙaramar hukumar da ke da kwangila da mai gidanta ba. Kuma a shiri ɗaya da wannan aka ce za a rufe ofishin ƙasa da ke tsaya wa ma'aikatan lafiya masu fallasa ɓarna.

Ba zan ɓoye gaskiyar da ke gefenku ba. Dakta Dash ta ce hukumomin sa ido sun yi yawa, aikinsu yana hawa kan juna, shawarwari suna taruwa ba a aiwatarwa. Haka ne. Rassan Healthwatch ma ba ɗaya suke ba, wani yana da ƙarfi, wani sai suna, kuma da yawa cikin mutanenmu ba su taɓa jin labarinta ba sai da na ba su nawa. Amma reshen da aka yi shekaru ana rage masa kuɗi, aka bar shi da ma'aikata 'yan ƙalilan ga gari guda, ba abin mamaki ba ne in ya yi rauni. Wes Streeting da bakinsa, yana Sakataren Lafiya a Yulin 2024, ya ce CQC ba ta iya aikin da aka kafa ta dominsa, bayan ita Dakta Dash ta gano cewa kusan kashi ɗaya cikin biyar na wuraren da ke ƙarƙashinta ba a taɓa ba su maki ba, wasu kuma an yi shekaru ba a koma ba. Hukumomin lafiya na yanki da za a ɗora wa rabin aikin, an umarce su su rage kuɗin gudanarwarsu da rabi. Ido ɗaya yana jinya, ya za a rufe ɗayan a daidai wannan lokaci?

Saboda haka ga abin da muke roƙo.

A cire batun rushe rassan Healthwatch daga dokar da ake so majalisa ta yi, aƙalla ɓangaren da ya shafi gidajen tsofaffi da jinyar gida, har sai kwamitin Baroness Louise Casey da kuka kafa kan kula da manya ya kammala aikinsa a 2028. Ku kuka ɗora mata duba tsarin gaba ɗaya. A bari ta faɗi inda muryar mazauna za ta zauna kafin a rushe wurin da take zaune yanzu.

In kuwa kun ƙudurta sai an sauya, to abin da zai gaje ta ya kasance mai zaman kansa a doka, ba ya ƙarƙashin wanda ke sayen hidimar ko wanda ke sayar da ita, yana wallafa rahotonsa ba tare da neman izinin kowa ba, kuɗinsa kuma a keɓe yake yadda ba za a karkatar da shi ba. Ba sai an je nesa neman misali ba. Wales ta riƙe majalisunta na al'umma har 2023, da ta tashi sauya su kuma ta kafa Llais, hukuma mai zaman kanta da ta haɗa lafiya da kula da jama'a. Ikon shiga a gani da ido, har da zuwan ba-zata, a rubuta shi ɓaro-ɓaro a sabuwar dokar, a bar shi a hannun mutanen gari da aka horar.

Roƙonmu na gaba ya wuce Healthwatch. A Ingila doka ba ta tilasta wa gidan tsofaffi ya kafa majalisar mazauna ko ta iyalai ba. Taron iyalan da aka farfaɗo mana da shi, ranar da aka sauya shugabar gida sabuwa tana iya soke shi ba wanda zai tambaye ta. A lardin Ontario na Kanada doka ta wajabta majalisar mazauna a kowane gidan jinya na dogon zama, ta ba iyalai damar kafa tasu, in kuma majalisar ta kai kuka dole mai gidan ya amsa a rubuce cikin kwana goma. A Amurka tun dokar 1987 mazauna da iyalansu suke da haƙƙin kafa ƙungiyarsu a cikin gidan. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna roƙon a sa irin wannan a dokar Ingila, majalisar ta riƙa zama ba tare da shugabannin gida a ɗakin ba sai in ta gayyace su, ta kuma sami wata hukuma mai zaman kanta a waje da za ta kai wa kuka in an yi biris da ita.

A kuma haramta a fili sallamar mazauni ko taƙaita ziyarar danginsa saboda sun yi ƙorafi, a ba iyali wurin ɗaukaka ƙara kafin wa'adin sallama ya cika. Ma'aikacin da ke kan biza, in ya fallasa cutarwa, a ba shi kariya kada zamansa a ƙasa ya zama abin da za a riƙe masa wuya da shi.

Na ƙarshe, kafin majalisa ta zartar da dokar, a tambayi mazauna gidajen da kansu, a inda suke, da harshen da ya rage musu. A tura mutane su zauna da su, a nemi tafinta na Hausa da Urdu da Somaliyanci da Yarabanci da duk wanda ake buƙata. Mu a shirye muke mu yi wannan tafinta kyauta.

Idan hanya ta kawo ka arewacin Ingila, ina gayyatarka ka zo ka zauna da Baba na rabin sa'a, ba 'yan jarida, ba shiri. Ka zo bayan la'asar, lokacin ya fi samun natsuwa. Zai riƙe hannunka ya tambaye ka mutanen gida, ni kuma zan fassara.

Ka huta lafiya.

Taka cikin girmamawa,
'Yar wani dattijo mazaunin gidan kula da tsofaffi,
a madadin iyalai da ma'aikatan jinya masu jin Hausa a Ingila.